Yadda ake gyara matsalar girka Matplotlib bayan an ɗaga Python zuwa sabuwar siga

Kwanakin baya wata ƙanwata da ke aikin furojet ɗinta na shekarar ƙarshe ta kawo min laftof ɗinta bayan isha'i, ido ya yi ja, wai giraf ɗin da take zanawa lafiya lau tun wata uku ya ƙi fitowa, kuma jibi za ta kai wa malamin da ke duba aikin. Na ce me kika taɓa a ciki? Ta ce wallahi Yaya ba komai, kawai na ga an ce Python ɗina ya tsufa shi ne na sauke 3.12 na goge 3.10. Tun la'asar take buga pip install, umarnin girka laburare a Python, tana kallon jan rubutu yana zubowa, har ta fara sauke wani ƙaton abu na Microsoft da zai cinye mata datar wata guda. Cikin minti ashirin muka gama, kuma ba wata gwaninta ba ce, bin abin a jere ne kawai. Shi ya sa na ce bari in rubuta yadda nake bi, don na san ba ita kaɗai ba ce.

Abin da nake so ka riƙe tun farko shi ne, sau tari Matplotlib ɗin, wato laburaren Python da ake zana giraf da shi, ba shi da laifin komai. Sabon Python da ka girka ba gyaran tsohon ba ne, wani gida ne daban aka gina a gefensa, fanko, ba ko tsinke a ciki. Duk laburaren da ka tara a 3.10 suna can cikin foldar 3.10, shi 3.12 bai san da zamansu ba, kuma ko ka kwaso su ka zuba masa ba za su yi aiki ba. Dalili kuwa, Matplotlib da NumPy da Pillow da kiwisolver da contourpy ba da Python zalla aka rubuta su ba, akwai sassan C da C++ a cikinsu da ake haɗawa musamman don kowace siga.

Ka ɗauke shi kamar kaya ne. Idan ka ce wa pip ya kawo maka Matplotlib, abu biyu ne zai iya samowa a PyPI, rumbun intanet da yake ɗauko laburare. Ko dai ɗinkakkiyar riga daidai jikinka, wato fayil mai ƙarewa da .whl, ka saka kawai ka wuce, ko kuma idan babu ɗinkakkiya daidai kai sai ya ɗauko yadi, wato fayil mai ƙarewa da .tar.gz, ya ce bari ya ɗinka maka nan take a kan kwamfutarka. To ɗinki kuma sai da tela da keke, kai kuma ba ka da su. Kusan duk dogon jan rubutun nan da ke tsorata mutane kukan rashin tela ne. Sunan ɗinkakken ma yana faɗa maka wa aka yi wa, duba wannan:

matplotlib-3.8.4-cp312-cp312-win_amd64.whl

Wannan cp312 ɗin yana nufin Python 3.12, win_amd64 kuma Windows mai bit 64. Wanda aka rubuta cp310 ba zai taɓa shiga 3.12 ba ko da kuwa sigar Matplotlib ɗin ɗaya ce.

Mataki na farko: gano wane Python ne kake magana da shi

Kar ka girka komai tukuna. Buɗe taminal ɗinka, ko cmd ko PowerShell idan Windows ne, ka buga waɗannan biyun ɗaya bayan ɗaya:

python --version
python -m pip --version

Na biyun zai nuna maka sigar pip, da foldar da yake zaune, sannan a ƙarshen layin ya rubuta lambar Python ɗin da yake yi wa aiki. Yanzu kuma buga pip --version shi kaɗai ba tare da python -m ba, ka kwatanta. In ka ga ɗaya ya ce 3.12 ɗaya ya ce 3.10, to ka kama ɓarawon tun a ƙofa: pip ɗinka yana zuba kaya a tsohon gida ne, kai kuma kana nema a sabo. Shi ya sa za ka ga ya ce maka Requirement already satisfied, amma kana kunna aikin sai ka ci karo da

ModuleNotFoundError: No module named 'matplotlib'

A Windows akwai wani ɗan umarni mai amfani ƙwarai da mutane ba su cika sani ba, py -0p, sifili ne fa ba harafin o ba. Zai jero maka duk Python ɗin da ke kan na'urar da inda kowanne yake. A Linux ko Mac kuma which -a python3 zai yi makamancin haka. Daga yau ka daina buga pip shi kaɗai, ka saba da kiran sunan wanda kake nufi:

py -3.12 -m pip install matplotlib

ko a Linux da Mac

python3.12 -m pip install matplotlib

Wani lokaci iyakar gyaran ke nan, shi ke nan an gama. Idan kuma kana buga python sai shagon Microsoft Store ya buɗe maka, shiga saitin Windows ka nemo App execution aliases ka kashe na python.exe da python3.exe, su ne ke tare hanya.

Mataki na biyu: sabon ɗaki, ba tsoho ba

Idan dama aikinka yana cikin venv, wato keɓantaccen ɗakin da ake yi wa kowane aiki da nasa laburaren, to ka sani wannan ɗakin a ɗaure yake da Python ɗin da ya ƙirƙire shi. Buɗe fayil ɗin pyvenv.cfg da ke cikinsa za ka ga an rubuta hanyar tsohon ƙarara. In ka goge tsohon, ɗakin ya mutu, a Windows ma har zai ce maka No Python at sannan ya kawo hanyar da babu ita yanzu. Kar ka ɓata lokaci wajen yi masa kwaskwarima, ni dai ban taɓa ganin wanda ya ji daɗin hakan ba. Canza masa suna ka ajiye a gefe saboda za ka iya leƙa foldar site-packages ɗinsa ka ga sunayen abin da ka taɓa girkawa, sai ka yi sabo:

py -3.12 -m venv .venv
.venv\Scripts\activate

A Linux da Mac layi na biyun shi ne source .venv/bin/activate. Idan PowerShell ya ce running scripts is disabled on this system, mafi sauƙi ka koma cmd ka yi a can. A Ubuntu kuma idan ya ƙi ƙirƙirar ɗakin yana maganar ensurepip, sai ka fara yin sudo apt install python3-venv.

Nan ne ma maganin wani kuskure da masu Linux ke yawan gamuwa da shi bayan sun tashi daga Ubuntu 22.04, mai Python 3.10, zuwa 24.04 mai 3.12:

error: externally-managed-environment

Ba lalacewa ba ce, da gangan aka sa. Debian 12 da Ubuntu tun daga 23.04 sun hana pip taɓa Python ɗin da shi kansa tsarin ke amfani da shi, kuma Homebrew, manhajar girka kaya a Mac, shi ma haka yake yi yanzu. Za ka ga ana ba da shawarar ka ƙara --break-system-packages a bayan umarnin, eh zai wuce, amma sunan kansa ya gaya maka abin da kake yi. Yi venv kawai. Kuma don Allah in kana Ubuntu kar ka goge python3 na tsarin, kar kuma ka karkatar da sunan python3 zuwa wani sabo da ka girka da hannu, kayan aikin tsarin da yawa a kansa suke tsaye, ranar da ka yi haka har taminal ɗin ma zai iya ƙin buɗewa.

Mataki na uku: sabunta pip, sannan ka hana shi ɗinki

Wannan shi ne zuciyar abin, kuma a nan nake so ka nutsu. Cikin sabon ɗakin buga:

python -m pip install --upgrade pip
python -m pip install --only-binary=:all: matplotlib

Wannan --only-binary=:all: ɗin cewa kake yi da pip, ɗinkakke kawai nake so, in babu ka faɗa min, kar ka ɗauko yadi. Amfaninsa shi ne maimakon layi ɗari biyu na jan rubutu da ba ka san kansa ba, sai dai ɗayan biyu: ko ya girku cikin minti ɗaya, ko ya ba ka amsa gajeriya, No matching distribution found. Duk biyun ci gaba ne.

Idan ya girku, madalla, tsallaka zuwa gwaji. Idan kuma ya ce babu, to abu uku nake dubawa.

Na ɗaya, ko Python ɗin ya yi sabo da yawa. Duk watan Oktoba ake fitar da sabuwar siga, 3.12 ta fito Oktoban 2023, 3.13 a Oktoban 2024, 3.14 a Oktoban 2025. Masu kula da laburaren nan sai sun zauna sun haɗa ɗinkakku na sabuwar sigar, kuma ba Matplotlib kaɗai ba, duk abin da ya dogara da su sai nasu ya fito, NumPy da Pillow da kiwisolver da contourpy da fonttools da sauransu. Guda ɗaya ya makara, girkin gaba ɗaya ya tsaya. Manyan dai yanzu suna ƙoƙari suna shiryawa da wuri, amma in ka sauke sigar gwaji mai ɗauke da a ko b ko rc a jikin lambarta, ko ka sauke sabuwa a makon da ta fito, kar ka yi mamaki. Maganin ba wani abu ba ne illa ka girka sigar da ke bayanta, su zauna tare, ba sa faɗa.

Na biyu, ko Python mai bit 32 ka sauke bisa kuskure. Yana faruwa sosai saboda a shafin saukewa an jera su kusa da juna. Gwada:

python -c "import struct; print(struct.calcsize('P')*8)"

In ya ce 32, to sabbin sigogin Matplotlib ba sa fitar da ɗinkakke na Windows mai bit 32, cire shi ka sauke mai 64.

Na uku kuma, wanda shi ne ya kama ƙanwata, shi ne tsohuwar lamba da aka ƙulle.

Mataki na huɗu: buɗe requirements.txt ka karanta

Ita abin da take ta bugawa shi ne pip install -r requirements.txt, fayil ɗin jerin laburaren da aikin ke buƙata, wanda ta kwafa tare da aikin tun farko. Da na buɗe sai ga layuka irin waɗannan:

numpy==1.23.5
matplotlib==3.6.2

Wannan alamar daidai guda biyu tana nufin wannan sigar tak, ba sama ba ƙasa. Su kuma waɗannan biyun an fitar da su a 2022, lokacin ba a haifi 3.12 ba, don haka babu ɗinkakkensu na cp312 kuma ba za a taɓa yi ba. Sai pip ya ɗauko yadi ya fara ƙoƙarin ɗinki, sai ya faɗi da wannan:

AttributeError: module 'pkgutil' has no attribute 'ImpImporter'

Idan ka ga wannan layin, ko ɗan'uwansa No module named 'distutils', kusan kullum labarin ɗaya ne, tsohon kunshi ake son cusawa a Python 3.12 ko sama. A 3.12 ne aka cire distutils daga cikin Python gaba ɗaya, aka cire ImpImporter, sannan sabon venv ya daina zuwa da setuptools a ciki. Tsofaffin NumPy kuwa da su suke gina kansu. Za ka ga wasu na cewa ka yi pip install setuptools, wannan yana taimakawa idan wani ƙaramin laburare ne ke neman distutils lokacin da aiki ke gudana, amma ba zai sa NumPy 1.23 ya ginu a 3.12 ba, domin pip yana yin ginin ne a wani keɓaɓɓen wuri da tsohon setuptools ɗin da shi NumPy ɗin ya nema.

Lambobin da ya kamata ka sani kaɗan ne. Python 3.12 yana son NumPy 1.26 ko sama, Matplotlib kuma ka kama daga jerin 3.8. Python 3.13 yana son NumPy 2.1 ko sama, Matplotlib daga 3.9.2. Gyara fayil ɗin ya koma haka:

numpy>=1.26
matplotlib>=3.8

ko ma ka share lambobin gaba ɗaya ka bar sunaye, pip ya zaɓo waɗanda suka dace da juna. Amma fa ga wani abu da nake so ka auna da kanka. Idan aikin na bincike ne da ka riga ka fitar da sakamako, ko na wurin aiki ne da wasu ke dogara da shi, kuma lokaci ya ƙure, to wani sa'in abin da ya fi hankali shi ne ka dawo da tsohon Python ɗin. Tsofaffin sigogi suna nan a python.org, ka girka 3.10 ɗinka, ka yi py -3.10 -m venv, ka girka requirements.txt yadda yake ba ka taɓa ko layi ɗaya ba. Ba ci baya ba ne. Kowace siga ana kula da ita shekara biyar, ba wai ranar da sabuwa ta fito tsohuwa ta lalace ba. Da a ce ranar ce za ta miƙa aikin da wannan hanyar zan bi mata.

Game da Microsoft Visual C++ 14.0 or greater is required

Wannan saƙon shi ne ya fi cin datar mutane. Yana fitowa a Windows tare da Failed building wheel, har ya ba ka adireshin da za ka sauke Build Tools, wato telan da keken ɗinkin, abu mai nauyin gigabait da yawa. Ni shawarata kar ka sauke. In dai giraf kake so ka zana, ba gyaran cikin Matplotlib kake yi ba, ba ka da buƙatarsa, kuma sau da yawa bayan ka gama saukewar ma ginin zai sake faɗuwa a wani wurin daban. Saƙon yana gaya maka ne babu ɗinkakke, koma mataki na uku da na huɗu ka gano dalili. Duka ɗinkakken Matplotlib bai fi kusan megabait 8 ba.

Kuma ka koyi karanta jan rubutun. Layin ƙarshe yawanci ba ya faɗin komai, daga subprocess-exited-with-error sai metadata-generation-failed. Gungura sama ka nemo layin ƙarshe da ya fara da Collecting kafin abin ya fashe, sunan da ke wurin shi ne mai laifin, kuma in ka lura za ka ga fayil ɗin da ya sauke a ƙarƙashinsa .tar.gz ne ba .whl ba. Sau nawa mutum zai turo min hoton allo yana cewa Matplotlib ya ƙi, ina dubawa in ga Pillow ne ko NumPy.

Mataki na biyar: ya girku amma import ya ƙi

Yanzu gwaji. Kar ka fara da babban aikinka, fara da ƙarami:

python -c "import matplotlib, numpy; print(matplotlib.__version__, numpy.__version__)"
python -m pip check

Idan lambobi biyu suka fito kuma na biyun ya ce No broken requirements found, ka haye. Idan kuma ba haka ba, ga waɗanda na fi gani.

A module that was compiled using NumPy 1.x cannot be run in NumPy 2. Wani lokaci yana zuwa da _ARRAY_API not found ko numpy.core.multiarray failed to import. NumPy 2.0 ya fito a Yunin 2024 kuma ya canza yadda sassan C ke haɗuwa da shi, don haka duk abin da aka gina da tsohon sai an sake gina shi. Matplotlib ya fara jituwa da NumPy 2 daga 3.8.4. Hanya biyu ce, ko ka ɗaga Matplotlib da pandas da scipy da duk wanda ke kukan, ko ka riƙe NumPy a ƙasa:

python -m pip install "numpy<2"

Kar ka manta alamar zancen nan, in babu ita taminal zai ɗauki < a matsayin wani umarni daban. Sannan wannan dabarar ta riƙe NumPy a ƙasa tana aiki a 3.12 ne zuwa ƙasa, a 3.13 babu ɗinkakken NumPy 1, za ka koma gidan jiya ne wajen neman tela.

ImportError: DLL load failed while importing _cext, ko _path, ko ft2font. Wannan na Windows ne, galibi a kwamfutar da aka yi wa sabon girki. Abin da ya ɓace shi ne Microsoft Visual C++ Redistributable, kuma ka lura wannan daban yake da Build Tools ɗin da na ce kar ka sauke, shi ƙarami ne, sunan fayil ɗin vc_redist.x64.exe. Daga shafin Microsoft kaɗai za ka ɗauko shi, kar ka yarda da shafukan nan masu raba fayilolin DLL ɗai-ɗai. In ka girka bai daina ba sai ka tilasta sabon girki:

python -m pip install --force-reinstall --no-cache-dir matplotlib kiwisolver pillow

Akwai kuma na ganganci da ke kama masu koyo, ka sa wa fayil ɗinka suna matplotlib.py ko numpy.py ko random.py. Python zai ɗauko naka ya bar na gaskiya, sai ka ga yana maganar partially initialized module ko ya ce matplotlib is not a package. Canza sunan, ka goge foldar __pycache__ da ke kusa da shi.

Mataki na shida: ba kuskure, amma hoto bai fito ba

Rubuta wannan a wani fayil, ka kira shi gwaji.py:

import matplotlib.pyplot as plt
plt.plot([1, 2, 3], [2, 5, 4])
plt.savefig("gwaji.png")
plt.show()

Na sa savefig kafin show da gangan. Idan gwaji.png ya bayyana a foldar, Matplotlib ɗinka lafiyarsa ƙalau, ko da taga ba ta buɗe ba. In ka ga gargaɗin FigureCanvasAgg is non-interactive, and thus cannot be shown, ma'anarsa ya zana hoton amma bai sami tagar da zai nuna maka a ciki ba, yawanci saboda sabon Python ɗin ba shi da tkinter. Shi tkinter ba a samun sa ta pip, kar ka wahala. A Ubuntu sudo apt install python3-tk ne, in kuma sigar ta daban ce da ta tsarin sai ka kira lambarta, misali python3.12-tk. A Mac mai Homebrew brew install python-tk@3.12. A Windows sake kunna fayil ɗin da ka girka Python da shi, zaɓi Modify, ka sa alama a tcl/tk and IDLE. Wanda ba ya son duk wannan zai iya python -m pip install PyQt6, Matplotlib zai gan shi ya yi amfani da shi, sai dai ya fi nauyi.

Masu Jupyter da VS Code, naku daban ne kaɗan

Sau da yawa a taminal komai na tafiya amma a littafin Jupyter har yanzu No module named. Kanel ɗin, wato abin da ke gudanar da rubutun littafin, shi ne ke kallon tsohon Python. Cikin wani akwati buga

import sys
print(sys.executable)

ka ga hanyar da zai nuna. In ba ta sabon ɗakinka ba ce, koma taminal, ɗakin na kunne, ka yi:

python -m pip install ipykernel
python -m ipykernel install --user --name aiki312

sai ka zaɓi aiki312 a jerin kanel. In kuma daga cikin littafin kake son girka abu, yi amfani da %pip install mai alamar kaso, ba !pip mai alamar motsin rai ba, na farkon ne ke tabbatar da kayan sun shiga Python ɗin da kanel ke kai. Bayan girki sake kunna kanel. A VS Code kuma Ctrl+Shift+P, ka rubuta Python: Select Interpreter, ka nuna masa .venv ɗin.

Mai Anaconda ko Miniconda shi ma kar ya ɗaga Python na base, ya yi conda create -n aiki python=3.12 matplotlib, conda zai zaɓo waɗanda suka dace da juna da kansa. Wanda kuma ke koyo a waya da Termux, duk lokacin da pkg upgrade ya ɗaga Python abin da ka girka da pip zai bi ruwa, kuma pip install matplotlib a can ɗinki zai fara a kan wayarka. Yi pkg install matplotlib, sun riga sun haɗa nasu.

Idan netwok ne ke yanke maka

Mu da muke fama da sabis mai zuwa yana ɗaukewa, wani jan rubutun ba na siga ba ne sam. In ka ga Read timed out ko Connection broken, ƙara wa pip haƙuri:

python -m pip install --timeout 120 --retries 10 matplotlib

Abin da ya riga ya sauke cikakke yana ajiye shi, don haka in ka sake bugawa ba daga farko zai fara ba. In kuma ku da yawa ne a aji ko a ofis masu Python iri ɗaya da Windows iri ɗaya, mutum ɗaya ya sauke wa kowa:

python -m pip download matplotlib -d kaya

a kwafi foldar kaya a filash, kowa ya girka ba tare da intanet ba:

python -m pip install --no-index --find-links kaya matplotlib

Sharaɗin dai lambar cp ɗin ta zo ɗaya, na mai 3.12 ba zai yi wa mai 3.11 ba.

Na ƙarshe: tsohon rubutunka da sabon Matplotlib

Da muka gama girkin ƙanwata ta ce Alhamdulillah, ta kunna aikinta, sai ga wani kuma:

OSError: 'seaborn-whitegrid' is not a valid package style

Ta dube ni kamar za ta yi kuka. Na ce kwantar da hankalinki, wannan alama ce girkin ya yi, yanzu Matplotlib ne da kansa ke magana. Tunda ka tsallako daga 3.6 zuwa sama dole ka tarar an canza wasu sunaye. Salon da ake kira seaborn an sake musu suna tun a 3.6, aka cire tsofaffin sunayen a 3.8, yanzu sai ka rubuta seaborn-v0_8-whitegrid, kuma print(plt.style.available) zai jero maka duk sunayen da ke aiki. In ka ga module 'matplotlib.cm' has no attribute 'register_cmap', an cire shi a 3.9, yawanci tsohon seaborn ne ke kiransa, ɗaga seaborn ɗin. Wurin cm.get_cmap("viridis") kuma ka saba da matplotlib.colormaps["viridis"]. A ɓangaren NumPy, np.float da np.int sun tafi tun 1.24, rubuta float da int kawai, np.NaN kuma ya tafi a 2.0, ya zama np.nan da ƙananan haruffa. Nata layi biyu ne kacal muka gyara, salon nan da np.float guda ɗaya, giraf ɗinta na ruwan sama wata-wata ya fito yadda yake da.

Kafin ta rufe laftof ɗin na sa ta buga python -m pip freeze > requirements.txt don sabbin lambobin su zauna a rubuce, sannan ta buɗe fayil ɗin ta ƙara layi ɗaya a can sama da hannunta, # Python 3.12, 64-bit, tunda freeze ba ya rubuta sigar Python ɗin da kansa. Ta kwafi foldar aikin a filash ba tare da .venv ba, ta tura wa kanta kwafi ɗaya ta imel.